A Toshe Hanyar Komawa Gidan Jiya

A ranar 1 ga watan Mayu na shekarar 2018 ne Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da kuma shigo da shi cikin Nijeriya. An ɗauki wannan mataki ne kwana ɗaya tak bayan da BBC ta fitar da wani fim wanda ya tona asirin cinikin wannan magani a ɓoye, ya kuma nuna halin da waɗansu samari suke ciki a wani gidan gyaran hali a Kano. Jama'a sun yi na'am da dokar, kuma babu shakka ta yi amfani. Amma shekarun da suka biyo baya sun tabbatar da cewa hana sayar da abin maye wani abu ne dabam, raba mutum da abin mayen kuma wani abu ne dabam.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana sakamakonsa a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A Jihar Kano an ƙiyasta mutum 1,070,000, watau kashi 16 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru. Ɗaya daga cikin kowane huɗu na masu shaye-shaye a ƙasar mace ce, kuma ɗaya daga cikin kowane biyar abin ya riga ya zame masa ciwo mai bukatar magani.

Tun daga 1989 da aka kafa hukumar NDLEA, ƙarfin hukuma ya fi karkata ga kame da gurfanarwa da ƙone kayan da aka kama. Wannan aiki ne na tilas, kuma ma'aikatan da suke yinsa sun cancanci yabo. Haka nan akwai wuraren jiyya, kamar asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da ɗakunan ba da shawara na ita kanta NDLEA. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne ranar sallama. Yaro ya yi wata uku ko shida a tsare, ya yi ƙiba, idonsa ya washe, iyaye sun yi murna, an ɗauko shi an kawo gida. Bayan mako kaɗan sai a ji ya koma gidan jiya. Daga nan sai a yanke hukunci cewa mai hali ba ya fasa halinsa, a zare hannu daga kansa.

Wannan hukunci kuskure ne, kuma ilimin likita ya daɗe da bayyana dalili. Wahalar jiki da mai shan kodin ko tiramol yake sha idan ya daina, watau ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci, yawanci takan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ba ya gushewa da wuri shi ne abin da ƙwaƙwalwa ta koya. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar Nobel a 1904, ya nuna cewa idan aka saba jiyar da kare wani sauti kafin a ba shi abinci, to, wata rana sautin kaɗai ya isa ya sa yawunsa ya tsinke. A 1948 wani likita a Amurka, Abraham Wikler, ya kawo bayanin cewa haka abin yake ga masu shaye-shaye, bayan ya lura cewa waɗanda suka daɗe da dainawa sukan ji alamun ciwon sun taso musu da zarar sun koma unguwannin da suka saba sha. Daga baya masu bincike suka nuna wa masu shan hodar ibilis hotunan yadda ake shan ta, suka ga sinadarin dofamin ya motsa a ƙwaƙwalwarsu alhali ko ƙwayar zarra ba ta shiga jikinsu ba.

Ashe ke nan miki ne wanda ya rufe daga sama, abu kaɗan ya isa ya fama shi. Sanin abubuwan da suke fama wannan miki, da shirya musu tun kafin su zo, shi ne rabin maganin da aka bari a baya.

Babbar hujja a kan ƙarfin wuri da yanayi ta fito ne daga yaƙin Biyetnam. A 1971 gwamnatin Amurka ta firgita da labarin yawan sojojinta da suke shan hirowin a fagen fama, sai aka ɗora wa wata mai bincike, Lee Robins, aikin bin sawun waɗanda suka koma gida a watan Satumba na wannan shekara. Ta samu cewa kimanin ɗaya cikin biyar ya kamu a can. Amma a shekarar farko bayan komawarsu kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa, kuma cikin shekara uku adadin bai wuce kashi 12 ba. Dalili kuwa shi ne sun baro yaƙin, sun baro abokan sha, sun baro wurin da abin yake da araha. Wannan bai yi nisa da abin da malamai suke karantarwa ba a ƙissar mutumin nan da ya kashe rai ɗari, wanda masani ya tabbatar masa cewa ƙofar tuba a buɗe take, sa'an nan ya umurce shi da ya bar garin da ya saba aikata ɓarna ya koma cikin mutanen kirki.

To, amma ɗan birnin Kano ba shi da jirgin da zai ɗauke shi daga inda ya kamu. A ɗauki unguwar Shahuci, alal misali. Ba don ta fi sauran unguwanni wannan matsala aka ambace ta ba. Unguwa ce mai tarihin ilimi, wadda a cikinta aka buɗe makarantar koyon shari'a a 1928, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. An ambace ta ne domin ta nuna yadda zaman cikin ganuwa yake. Gida na jingine da gida, lungu ɗaya ne mashiga da mafita ga gidaje da yawa, kasuwar Rimi da Asibitin Murtala suna kusa, jama'a na kai da kawowa dare da rana. Wanda aka haifa a irin wannan wuri, abokansa na makarantar allo su ne abokansa na majalisa, kuma idan ya faɗa shaye-shaye, a cikinsu ne ya faɗa. Ran da aka sallamo shi, kafin ya kai zauren gidansu ya riga ya wuce dakalin da yake zama, da kangon da suke ɓuya, da mutum uku waɗanda suka san abin da yake so. Yawancin iyaye ba su da halin tura shi wani gari. Tun da yaro ba zai iya barin unguwa ba, tilas ne a koya masa yadda zai zauna a cikinta, kuma tilas ne unguwar ta sake yadda take karɓarsa.

Abubuwan da suke fama mikin iri huɗu ne. Na farko mutane. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma tsohon abokin sha ba lalle ne ya zo da mugun nufi ba. Sau da yawa murnar dawowa ce take kawo shi, sai dai murnar tasu hanya ɗaya gare ta. Dillali kuwa ya san ya yi asarar mai saye, saboda haka yakan ba da na farko kyauta. A zamanin yanzu ma ba sai an haɗu ba, lambar waya da ba a goge ba ta wadatar.

Na biyu wurare da kayayyaki. Kwanar wani kemis, da bayan wata makaranta da dare, da warin hayaƙin wiwi, da warin sholisho a wurin mai faci, da kwalbar lemon da aka saba haɗawa da maganin tari, har da wani kiɗa da aka saba ji lokacin sha, kowannensu yana iya sa gaba ta faɗi, baki ya bushe, tun mutum bai gane abin da ya same shi ba.

Na uku lokuta. Akwai wanda sa'arsa ita ce bayan sallar isha'i, akwai wanda tasa ita ce sassafe kafin ya fita aikin ƙarfi, domin da yawa daga masu shan tiramol sun fara ne da neman ƙarfin dako ko gini ko tuƙa A Daidaita Sahu tun safe har dare. Ranar da kuɗi suka shigo hannu rana ce mai hatsari. Haka nan bukukuwa, da hawan salla, da taron siyasa. Sananne ne cewa waɗansu sukan kame cikin watan azumi, sa'an nan su warware a daren salla, domin sun shirya wa azumin amma ba su shirya wa abin da zai biyo bayansa ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne abin da ke cikin zuciya. Alan Marlatt da Judith Gordon, waɗanda suka wallafa aikinsu a kan hana komawa shaye-shaye a 1985, sun bi diddigin dalilan da suke mayar da mutane, suka ga kusan kashi uku cikin huɗu suna komawa ne saboda abu uku: ɓacin rai, da saɓani da wani, da matsin abokai. Ɓacin rai ne a kan gaba. Masu aikin jiyya kuma sukan gargaɗi tubabbe da ya kiyayi hali huɗu, watau yunwa da fushi da kaɗaici da gajiya. Saurayin da ya gama makaranta shekara biyar babu aiki, da matar da aka yi wa kishiya ba tare da lallashi ba, da bazawarar da ta dawo ɗakin uwarta ana yi mata gori, duk abin da suka sha dominsa yana nan yana jiransu a gida. Gori kuwa yana cikin mafi munin fami. Wanda ake kira ɗan ƙwaya bayan ya shekara bai sha ba, wata rana zai ce tun da sunan bai fita ba, wahalar me yake yi.

Abin da ya wajaba a kan shi mai jiyyar a fili yake. Tun kafin a sallame shi ya zauna da ma'aikacin da yake kula da shi su lissafa nasa abubuwan, da sunayensu: wane mutum, wane lungu, wace sa'a, wane irin ɓacin rai. Na kowa dabam ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za a iya kauce masa a kauce masa, ko da zai sa a zagaya ta hanya mai nisa zuwa masallaci ko kasuwa. A sake layin waya. A watannin farko kuɗinsa su zauna a hannun wani amintacce, da yardarsa. Abin da ba za a iya kauce masa ba kuma a tanadi amsarsa: kalmomin da zai faɗa idan aka miƙo masa, gajeru ba tare da dogon bayani ba, da mutumin da zai nufa nan take.

Ya kuma san cewa sha'awar ba ta dawwama. Takan taso ta yi tsanani, sa'an nan ta sauka da kanta, yawanci cikin abin da bai wuce rabin sa'a ba idan ba a biye mata ba. Aikinsa shi ne ya tsallake wannan ɗan lokaci: ya tashi daga wurin, ya yi alwala, ya ci abinci, ya yi tafiya, ya kira wani ya gaya masa gaskiyar abin da yake ji. Duk lokacin da ta taso ta sauka bai sha ba, igiyar da ta ɗaure wurin da shan tana ƙara saki. Sa'an nan kada a bar sa'o'in da shaye-shaye yake cikewa su zauna fanko. Makarantar dare, da ƙwallo da yamma, da sana'ar da take gajiyar da jiki daidai gwargwado, sun fi kowace nasiha tsare mutum.

Iyaye da 'yan uwa su ma akwai nasu. Kafin ya dawo a share ɗakinsa, a fitar da duk wani abu da zai tuna masa, a kuma killace magungunan gida. A daina tone-tonen abin da ya wuce, da kuɗin da ya sata, da kunyar da ya jawo. Sa ido wajibi ne, amma sa ido dabam, tsargi dabam. A lura da alamun da suke riga komawa zuwa: barci ya rikice, ya fara ware kansa, ya bar jam'i, ya fara yabon kwanakin da, ko ya ce ai yanzu ya warke, zai iya zama da su ba tare da ya taɓa ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi hatsari, domin a kunnen iyaye takan yi kama da labari mai daɗi.

Idan kuwa aka yi tuntuɓe, kada a mai da shi faɗuwa. Wani nazari da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2000 ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jiyyar shaye-shaye sukan koma, kuma wannan bai fi yadda ciwon hawan jini ko asma yake dawo wa masu shi ba. Babu wanda yake korar mahaifinsa daga gida don jininsa ya sake hawa. Asibiti ake mayar da shi. A cikin sojojin nan na Biyetnam ma, kimanin rabin waɗanda suka kamu sun sake ɗanɗanawa bayan sun koma gida, amma kaɗan ne suka zarce. Abin da yake mai da sha ɗaya ya zama goma shi ne yanke ƙauna, da tsoron abin da za a yi masa idan ya faɗa.

A nan akwai gargaɗi wanda ya shafi rai. Jikin da ya yi watanni bai sha ba ya rasa juriyar da yake da ita a da. Adadin da mutum yake shanyewa ya tashi lafiya kafin a tsare shi yana iya tsayar masa da numfashi bayan an sallame shi, musamman idan ya haɗa kodin ko tiramol da ƙwayoyin sa barci. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa makonni biyun farko bayan fita daga gidan yari su ne mafi hatsarin irin wannan mutuwa. Wanda aka samu ba ya farkawa, numfashinsa na fita da ƙyar, asibiti za a kai shi nan take, ba a bar shi wai barci zai warware masa ba. Haka kuma wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin sa barci kada ya yanke su rana ɗaya ba tare da likita ba, domin hakan yana iya kawo farfaɗiya.

Wannan bayani shi ne kuma yake nuna dalilin da ya sa mari da bulala ba su taɓa zama magani ba. A 2019, bayan abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, aka rufe gidajen mari da dama a Arewa, har da na Kano. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wata mafita ce. Amma sarƙa tana hana ƙafa zuwa wurin dillali ne kawai muddin tana ɗaure. Ba ta koya wa mutum abin da zai yi ran da aka kwance ta, sai ma ta ƙara masa ƙunci da ƙiyayya, waɗanda su ne kan gaba wajen mayar da shi.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kano ta ɗauki kulawar bayan sallama a matsayin wani ɓangare na jiyya, ta kuma ware mata kuɗi. Kada a sallami kowa daga Dawanau ko wani gidan gyaran hali sai da takardar shiri a hannunsa, da ranar dawowa ganin likita, da sunan ma'aikacin da zai bi sawunsa har shekara guda. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin cikin birni su iya wannan aiki, domin wanda ba shi da kuɗin mota zuwa Dawanau yana iya takawa zuwa asibitin unguwarsu. A tanadi wuri na musamman domin mata, da ma'aikata mata, da sirri, tun da kunya tana hana yawancinsu fitowa. Matakin da aka ɗauka a 2024 na tashin masu sayar da magunguna a sari daga kasuwar Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro zai cika amfaninsa ne idan aka bi ƙananan kemis na cikin lunguna da irin wannan sa ido.

Masu unguwanni da limamai su ne suka san gidan da aka dawo da yaro. Ziyara ɗaya daga mai unguwa, da wuri a sahun gaba, da ɗan aiki a kwamitin masallaci ko na tsabtar unguwa, suna gaya wa tubabbe cewa an karɓe shi. 'Yan kasuwar Rimi da Kurmi da Kwari su buɗe ƙofar koyon sana'a ga irin waɗannan samari, kada tarihinsu ya zama dalilin korarsu. 'Yan siyasa kuwa, duk wanda yake tara samari lokacin zaɓe yana ba su abin da zai gusar musu da hankali, ya sani yana rushe aikin da iyaye da likitoci suka yi shekara suna ginawa, kuma hukuma ta daina kau da kai daga kansa.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mutum sama da miliyan ɗaya da binciken nan ya ƙiyasta a Jihar Kano ba baƙi ba ne, 'ya'yan gidajen Kano ne, kuma kowane ɗaya daga cikinsu da ya yi niyyar dainawa, ta wani lungu zai bi ya koma gida. Abin da zai tarar a wannan lungu, dillali ko mai riƙe masa hannu, shi zai yanke yadda labarinsa zai ƙare. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba masu ƙoƙarin dainawa ikon ɗorewa.